Yadda Za Ka Kwashe Tsohon Kaset ɗin Bidiyo Zuwa Kwamfuta Tun Zaren Bai Mutu Ba

Da damina ta ɗauke, Inna ta sa aka fito da adakarta tsakar gida don kaya su sha iska. A ƙarƙashin atamfofin da ta daina ɗaurawa muka tarar da kaset ɗin bidiyo goma sha huɗu: na bikin Yaya, na sunan ɗanta na fari, na saukar Alƙur'anin ƙannena, biyu na hawan sallah a Ringim, da wanda aka ɗauka ranar da gari ya fito tarbar Baffa bayan ya sauke farali a 1996. Murna ta sa aka aro bidiyo a maƙwabta, wadda ta fi shekara goma ba a kunna ta ba, aka tayar da janareto, aka ɗauko na Baffa aka tura, tunda shi kowa ya ƙagu ya gani. Ba a yi minti biyu ba muka ji ƙarar taunawa. Da muka ciro shi, zaren ya fito a cukurkuɗe, daidai wurin da Baffa yake saukowa daga mota mutane suna rungumarsa. Baffa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, kuma wannan wurin har yau ba mu sake ganinsa da kyau ba.

Ragowar goma sha ukun, da abin da ya saura na Baffa, duk na kwashe su lafiya daga baya. Abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne: tsohon kaset, ka ɗauka kallo ɗaya ya rage masa. Kada ka ɓata wannan kallon. Ka bari sai ranar da kwamfuta take jone tana ɗauka.

Dalili kuwa, zaren kaset leda ce siririya da aka shafe ta da garin maganaɗisu, aka riƙe garin da wani irin danƙo. Zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano da laimar watan Agusta suna cin wannan danƙon a hankali, har zaren ya fara mannewa ko ya riƙa zubar da gari. Su ma na'urorin ƙarewa suke. Kamfanin JVC na Japan ya fito da VHS a 1976, kamfanin Funai kuma, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina a 2016. Duk bidiyon da za ka samu yau tsohuwa ce, masu gyaranta ma sun tsufa, yaransu sun koma gyaran waya.

Fara da duba kaset ɗin, ba kunna shi ba

Shimfiɗa tabarma a inuwa, ka jera su. Ɗauki kowanne ka leƙa ta tagar nan ta roba da ake hango zare. Zare mai lafiya baƙi ne, a naɗe sumul. In ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, ko wani abu kamar saƙar gizo-gizo a gefen naɗin, funfuna ce. Ware shi gefe, ka sa shi a leda shi kaɗai. Kaset mai funfuna in ya shiga na'ura, zai toshe hed, wato ɗan abin da ke karanta zare, ya kuma shafa wa duk wanda ya biyo bayansa.

A gefen kaset akwai ɗan madanni. In ka danna shi, murfin gaba zai ɗagu ka ga zaren. Duba ko ya tsinke, ko ya yamutse, ko gefensa ya yi kwarkwaro. Kada ka taɓa shi da yatsa. Ka girgiza kaset ɗin a hankali kusa da kunnenka. In ka ji wani abu yana kaɗawa, ko roba ta karye a ciki, ko kyankyasai sun yi gida. Irin wannan sai an kwance notocinsa, yawanci biyar ne a ƙasa, an mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya.

Sai abu mafi sauƙi wanda aka fi mantawa. A bayan kaset, wajen da ake liƙa takardar suna, akwai ɗan harshe na roba. Ɓalle shi da bakin sukudireba. Muddin babu shi, na'ura ba za ta yarda ta ɗauki wani abu a kan kaset ɗin ba, ko da yaro ya danna jan madanni. In ka ga an taɓa toshe ramin da salatif ko takarda, cire.

Daga nan ka rubuta wa kowanne lamba, 1, 2, 3, ka buɗe littafi ka kwafe duk abin da ke jikin takardarsa, ko da rabin rubutun ya goge. Lambar da ke jikin kaset ɗin ma ka rubuta ta: E-180 yana nufin minti 180, awa uku ke nan, E-120 awa biyu, E-240 awa huɗu. In mai ɗauka ya yi tsimi ya sa shi a LP, wato saitin da zare ke tafiya a hankali, tsawon ya ninka. Za ka buƙaci wannan lissafin saboda wuta da wurin ajiya.

Masu funfuna ka bar su sai ƙarshe. Lokacin da ya fi dacewa da su shi ne hunturu, sa'ar da iska ta bushe. A ajiye su a ɗaki mai iska na 'yan makonni, a lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura, ba a rana ba, domin rana tana lanƙwasa roba ta dafa zare. In sun bushe, mai gyara zai iya buɗe wata bidiyo da ba a damu da ita ba, ya riƙa tariyar zaren yana tare shi da ƙyalle mai laushi marar gashi. A waje ake wannan aikin, da takunkumi a hanci. Mutanen yankin Haɗeja da Auyo da ambaliyar 2022 ta shiga wa ɗakuna, in kaset ya sha ruwan laka ya bushe a haka, kada a gwada shi a na'ura sam. A kwance shi tukuna a ga ko zaren zai warware ba tare da mannewa ba.

Neman na'ura mai lafiya

Nan ne rabin aikin yake. Bidiyo mai kyau da na'urar ɗauka mai araha sun fi bidiyo marar lafiya da na'urar ɗauka mai tsada. Ka tambaya a gidajen tsofaffin ma'aikata, da wajen waɗanda suka taɓa riƙe gidan kallo, da masu ɗaukar biki na da. Sau da yawa su ne suka adana tasu a kwali. In ba a dace ba, sai a shiga Kano wajen masu kayan wuta na hannu a Sabon Gari. Panasonic, wadda tsofaffi suka sani da National, da JVC da Sony da Sharp duk suna da ƙarko. In an samu mai rubutun Hi-Fi ko mai hed huɗu zuwa shida, ta fi. Ka tabbata tana karanta LP, kuma tana da ramukan fita a baya, ba ramin eriya kaɗai ba.

Kada ka biya kuɗi sai an gwada a gabanka, kuma kada a gwada da kaset ɗinka. Tafi da wanda ba ka damu da shi ba, tsohon kaset ɗin fim ko na wa'azi da ake da irinsa a ko'ina. A kunna shi minti ashirin, a tariyo gaba, a tariyo baya, a fitar, a mayar, sau biyar ko shida. Duk lokacin da ya fito, ɗaga murfin ka duba zaren. Ko ɗan layi ka gani a jikinsa, bar wannan na'urar. Yawanci bel ne ya saki ko robar da ke matse zare ta ƙandare, abin da mai gyaran rediyo zai iya canjawa in ya samu kayan.

Ka karanta bayan na'urar. Wutarmu bolt 230 ce. In ka ga an rubuta 110 ko 120, ta Amurka ce, ba taransifoma za ta ƙone nan take, kuma ma ba za ta karanta kaset ɗinmu ba. Tsarin hoton Najeriya PAL ne, na Amurka NTSC. Akwai na uku, SECAM, wanda Faransa da Nijar suka yi amfani da shi. Wannan ya shafi mutanen Maigatari da Ɓaɓura da Gumel masu dangi a Damagaram da Magarya: kaset ɗin da aka ɗauko daga can yana iya fitowa baƙi da fari a na'urar da PAL kaɗai ta sani. Ba lalacewa ya yi ba, na'ura mai karanta tsari da yawa yake so, kuma irinta ta shigo ƙasar nan da yawa a wancan zamanin.

Na'urar da ta daɗe a ajiye tana son wankin hed. Zare ta daga wuta, kwance murfin sama. Za ka ga wani ƙarfe mai sheƙi kamar gwangwani a karkace. A jikinsa, ta ƙasa, akwai 'yan ramuka, a cikinsu hed ɗin suke, ƙanana ƙwarai kuma ba sa jure wahala. Yanki farar takarda, ka ɗiga mata sifirit mai tsabta irin wanda masu gyaran waya suke wanke inji da shi, ba mai launin shuɗi ba. Dafa takardar a jikin ƙarfen da yatsa ɗaya, a hankali, ka riƙe ta cak, ka juya ƙarfen da ɗaya hannun. Za ka ga baƙi-baƙi a takardar. Canja wata har ta fito fes. Abu biyu ne haramun a nan: goga sama da ƙasa, da sa auduga. Na farko yana karya hed, na biyu yana barin gashi ya sarƙe shi. Ka bar ta minti goma ta bushe kafin ka sa kaset. In hannunka ba ya tsayawa, ka kai wa mai gyara. Ba abin kunya ba ne.

Ƙananan kaset na kyamara labarinsu daban. VHS-C yana da gida na musamman da ake saka shi a ciki ya shiga bidiyo kamar kowane kaset. Video8 da Hi8 da MiniDV ba su da irin wannan gida, duk wanda ya ce zai sayar maka da shi bai faɗa maka gaskiya ba. Sai an nemo kyamarar da ke cin irinsu, a jona ta a madadin bidiyo.

Abin da ke haɗa bidiyo da kwamfuta

Wata 'yar na'ura ce kamar filas, kanta ɗaya yana shiga ramin USB, ɗaya kan kuma yana da wayoyi masu launi. A kasuwar waya ta Farm Centre ko shagunan kwamfuta na titin Beirut, in ka ce EasyCap za a gane. Ita ce mafi araha, sai dai iri-iri ce a cikin riga ɗaya, wata ta yi kyau, wata sautinta ya riƙa shaƙewa. Don haka ka je da kwamfutarka a gwada, ko ka yi sharaɗin mayarwa. In akwai hali, ko akwai ɗan'uwa da zai aiko, Elgato Video Capture da Hauppauge USB-Live2 da I-O Data GV-USB2 sun fi ta nesa ba kusa ba. Akwai kuma 'yan akwatunan da ke mayar da hoto zuwa HDMI. Ni ba na son su a wannan aikin, domin yawancinsu suna buɗa hoto ya yi faɗi, fuskokin mutane su baje.

Haɗin ba wuya. Waya mai kai uku: rawaya hoto, fari da ja sauti. Ka tabbata a ramukan da aka rubuta OUT ka soka a bayan bidiyo, ba IN ba. Na'urorin da suka zo daga Turai wasu faffaɗan rami ɗaya suke da shi mai haƙora 21, sunansa SCART. Akwai ɗan kan da ake saya a soka masa, mai makunni, shi ma a tura shi wajen OUT. In ramin sauti ɗaya ne tak, soka farar, za mu gyara sauran a kwamfuta.

Kwamfuta kowace iri ta shekarun nan za ta iya, in dai batirinta yana riƙe wuta kuma akwai fili a cikinta.

Maganar wuta

A ƙauye wannan ce ke ɓata aiki fiye da komai. Ba a gaggauta kwashe kaset: na awa uku, awa uku zai ci, ba ragi. In wuta ta ɗauke a tsakiya, zaren yana naɗe a jikin hed, kuma a nan ne mutane suke jan kaset da ƙarfi su tsinka shi. In haka ta faru, kada ka taɓa komai. Jira wuta ta dawo, na'urar da kanta za ta mayar da zaren ta fitar.

Mafi alheri shi ne sola mai batir da inbata. Bidiyo ba ta da cin wuta, ba ta kai fankar sama ba, don haka ko shagon cajin waya mai sola zai ɗauke ta da kwamfutar. Ka fara da hantsi, batir yana cika. In janareto ne, a cika tanki, a sa sitabilaiza a tsakani, kuma a hana kowa jona dutsen guga ko hita har a gama. Ɗakin ya zama marar ƙura, a rufe taga in ana iska, kada kuma a ɗora na'urar a kan katifa ko darduma, tana buƙatar shan iska ta ƙasa.

Wani lokaci za ka ji sauti yana gurnani, ko ka ga wani layi yana hawa hoto a hankali. Zare cajar kwamfuta ka gani. In ya ɗauke, to daga wutar ne. Ka yi ɗaukar da batir, ko ka jona bidiyo da kwamfuta a soket ɗaya.

Saita manhaja

OBS Studio nake amfani da ita. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. In sabis ɗin garinku ba shi da ƙarfi, ka sauko da ita ranar da ka shiga birni, tare da VLC ta kallo, da HandBrake ta rage nauyin fayil, da LosslessCut ta yanka. Sunayen madannan da Turanci suke, zan kawo su yadda za ka gan su.

Sa kaset ɗin gwaji yana tafiya. A akwatin Sources danna alamar tarawa, zaɓi Video Capture Device, ka nemo sunan 'yar na'urarka. In hoto ya fito baƙi da fari ko yana birgima, shiga Configure Video ka mayar da tsarin PAL. In allo ya tsaya baƙi ƙirin, duba ko Windows ta hana manhajoji amfani da kyamara, domin a matsayin kyamara take ganin na'urar.

A Settings, sashen Video, rubuta 768x576 a gidajen girman hoto biyun, ka sa FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa, a 50. Koma kan hoton, danna maɓallin dama na linzami, a Transform zaɓi Stretch to screen. Wannan shi ke ba ka siffar tsohuwar talabijin, huɗu bisa uku, yadda aka ɗauki abin. Kada ka yarda da shawarar a ja shi ya cika allon zamani. Kaset ba shi da wannan faɗin, ba shi kuma da wannan kyan. Girman da ka ƙara, nauyin fayil kawai ka ƙara.

Sake danna dama, a Deinterlacing zaɓi Yadif 2x. Ga dalili: tsohuwar talabijin rabi-rabi take zana hoto, layukan mara sannan na cika, sau 50 a daƙiƙa. Kwamfuta kuwa a haɗe take nunawa, shi ya sa in mai doki ya sukwano za ka ga gefensa kamar haƙoran mataji. Wannan saitin yana gyara shi, motsi ya koma sumul. In ka ga hoto yana karkarwa gaba da baya, a wuri ɗaya za ka canja tsakanin Top Field First da Bottom Field First.

Sauti ka ba shi lokaci, domin a irin kaset ɗinmu murya ta fi hoto tsada. Addu'ar liman a wajen ɗaurin aure, guɗar tsofaffi, kirarin maroƙi, muryar kaka tana yi wa amarya faɗa, su ne abin da ke sa mutane hawaye. A akwatin Audio Mixer ka kashe makirfon kwamfuta da Desktop Audio, in ba haka ba kukan akuya da hirar 'yan kallo za su shiga cikin bikin 1997. Ka bar na 'yar na'urar kaɗai. Sandar sauti ta riƙa wasa a kore zuwa rawaya, kada ta zauna a ja. In ta kunne ɗaya kake ji, shiga Advanced Audio Properties ka sa alama a Mono.

Saura sashen Output. Tsarin fayil ka zaɓi mkv, ba mp4 ba. Wannan don mu aka yi shi: in kwamfuta ta mutu a tsakiyar ɗauka, mp4 na yau da kullum gaba ɗaya yake lalacewa, mkv kuwa yana tsira da duk abin da ya riga ya shiga. In an gama, a File akwai Remux Recordings, cikin minti kaɗan zai mayar maka da shi mp4 ba tare da rage kyau ba. Ƙarfin ɗauka, wato Bitrate, ka sa 8000 kbps. A haka awa ɗaya tana cin wajen gigabait 3.6, kaset na awa uku kusan 11. Yi lissafin kaset ɗinka tun yanzu ka ga ko fili zai isa. A ƙarshe ka hana kwamfuta yin barci, ka rufe duk wata manhaja.

Ɗauki minti biyar na kaset ɗin gwaji, ka buɗe a VLC, ka kalli bakin mai magana ko yana tafiya daidai da muryarsa. Sai ka gamsu sannan ka taɓa na gida.

Ranar ɗauka

Jera su daga wanda ya fi ƙarancin daraja zuwa wanda ya fi. Kafin ka kai kan na mahaifi ko na kaka, hannunka ya faɗa, ka kuma san halin na'urar.

Kaset ɗin da ka tabbata ba funfuna ba mannewa, tura shi gaba har ƙarshe, ka tariyo shi baya har farko, sau ɗaya. Wannan yana sassauta naɗin da ya shekara ashirin a ƙame. Kana yi kana saurare. In ka ji ƙara kamar kukan ɓera, ko na'ura tana nishi tana tsayawa, dakata, fitar da shi. Zaren yana mannewa ne, tilasta shi tsinka shi ne.

Danna Start Recording tukuna, sannan ka kunna kaset. Kashe rubutun da bidiyo take nunawa a kan hoto, in ba haka ba zai zauna a fayil ɗin har abada. In ka ga layukan dishi-dishi sun ratsa hoto, gyara tirakin, wato daidaita hed da zare, da rimot ko da madannan tasha sama da ƙasa, har su gangara su ɓace. Ɗan siririn layin da ke rawa a can ƙasan hoto kuwa na kowane kaset ne, tsohuwar talabijin ɓoye shi take yi, ka ƙyale shi. In hoto ya rufe da yayyafi gaba ɗaya alhali sauti yana fita, hed ne ya toshe. Tsaya ka wanke, ka ci gaba daga inda aka tsaya. In saman hoto yana lanƙwashewa yana fizga, akwai dabarar bi da wayar ta cikin tsohuwar na'urar ɗaukar DVD ta Panasonic, irin DMR-ES10 ko ES15, tana miƙar da shi sosai in an dace da samunta.

Kada ka tashi ka bar shi, kada kuma ka tsayar don biki ya ƙare allo ya yi shuɗi. Masu ɗauka na da ba sa barin zare ya tafi a banza. A ƙarshen kaset ɗin sunan ɗan Yaya, bayan kusan minti goma na ba komai, muka tarar da kakarmu zaune a gindin rumbu tana tsinke zoɓo tana hira da wanda ke riƙe da kyamara. Babu wanda ya san da shi a gidan. Ka bar zare ya kai ƙarshensa da kansa.

Zaren da ya tsinke a tsakiya, kada a haɗa shi da salatif na kanti, danƙonsa yana tsattsafowa ya kashe hed. Abin da mai gyara ya yi mana da na Baffa shi ne ya raba shi gida biyu: kowane ɓangare ya samu gidan kaset nasa, aka liƙa bakinsa a jikin farar ledar nan ta farkon zare, wadda ba ta kaiwa kan hed. Muka kwashe su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ba shi da kwamfuta, akwai 'yan akwatuna masu allo da ke ɗauka kai tsaye zuwa filas ko memori. In shi ma babu, kuma kaset yana gab da mutuwa, a kafa waya a kan abin da ba ya motsi, a duhunta ɗaki, a ɗauki fuskar talabijin. Da babu gara ba daɗi.

Suna, shekara da mutanen ciki

Fayil mai suna lambobi barkatai ɓatacce ne tun yau. Sa masa shekara, gari da sha'ani: 1997 Ringim bikin Yaya kaset 3. Kwanan watan da kyamara ta buga a kusurwa kada ka amince da shi kai tsaye, da yawa ba a saita agogonsu ba. Ka gwada shi da abin da ido ke gani. Kuɗin liƙi shaida ne mai kyau: naira 50 ta fito a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, naira 100 a ƙarshen 1999, naira 200 mai hoton Sardauna a 2000, naira 500 a 2001, naira 1000 a 2005. In 'yar Murtala da naira hamsin kaɗai ake mannawa a goshin makaɗi, ka san wajen inda kake. In ka hangi wayar salula a hannun wani, da wuya a ce ba a kai 2001 ba.

Sannan ka ɗauki kwamfutar ka kai ɗakin tsofaffi. Wannan matakin kada ka ɗaga shi zuwa baɗi. Zauna kusa da Inna ko Goggo, kana tsayar da hoto kana tambaya: “Goggo, wace ce wannan mai tulu a bayan amarya?” Za ta ce, “Kai yaro, ai ƙanwar kakanka ce, wadda aka kai Garki.” Rubuta minti da sunan a littafinka, daga baya ka buga shi ka ajiye a folda ɗaya da bidiyon. Ka kunna rikodar waya ma tana ɗaukar bayanin nata, domin abin da za ta faɗa a kan mutum ɗaya ya fi abin da kaset ɗin ya nuna. Ka lura da halin da take ciki. In ganin waɗanda suka rasu ya yi mata nauyi, a rufe, a dawo gobe.

Akwai amana a wannan aikin. Kaset ɗin kamu da na wunin biki cike suke da matan mutane a cikin gida, ba mayafi, suna rawa a tsakaninsu. Lokacin da aka ɗauka, a ɗaki ɗaya ake kallo a mayar adaka. Yau wasunsu sun rasu, wasu suna gidan wani mijin, wasu sun zama surukai. Kada ka saki irin wannan a zauren WhatsApp na dangi ko a Facebook sai da yardar masu shi. In a shago za a yi maka aikin, ka zauna a wurin, ka ga an goge kwafin da ke kwamfutarsu har cikin kwandon shara. In da hali, mace daga cikin gida ta yi aikin kaset ɗin mata. LosslessCut za ta ba ka damar yanko wurin ɗaurin aure ko hawan doki kaɗai ka raba, sauran ya zauna a gida.

Ajiya

Fayil na asali, mai nauyin, kada ka taɓa shi. In za ka aika wa 'yan'uwa, yi masa ƙaramin kwafi da HandBrake, ka tura shi a WhatsApp a matsayin takarda, wato Document, don kada a matse shi ya dushe; har gigabait 2 yana wucewa.

Na asalin ya zauna a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin rumbun ajiya na waje, da wani kwafi a wani garin daban, wajen ɗan'uwa a Kano ko Dutse, saboda gobara da ambaliya da ɓarawo gida ɗaya suke shiga. Filas da memori na jabu sun yi yawa a kasuwa, a rubuta 64 a jiki alhali cikinsa bai kai 8 ba, ya karɓi fayil kamar gaske, ranar buɗewa a tarar ba komai. Gwada kowanne da 'yar manhajar H2testw kafin ka ba shi amana. In filas ya ƙi karɓar fayil da ya haura gigabait 4, tsarinsa FAT32 ne. Kwashe abin da ke ciki, ka sake tsara shi a exFAT. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, ya isa a sa mafi daraja a ciki, amma ka riƙa leƙa asusun, domin Google yana iya goge wanda aka bari shekara biyu ba a taɓa ba, kuma wani amintacce a gidan ya san kalmar sirrin. Sau ɗaya a shekara, ni da ƙaramar sallah nake yi tunda kowa yana gida, a jona kowane rumbu a buɗe fayil biyu ko uku a tabbata suna nan.

Kaset ɗin kansu kada a zubar, kada a ba yara su yi wasa da zaren. Wata rana za ka iya samun na'urar da ta fi wadda ka yi aiki da ita, ka sake kwashewa. Tariyo kowanne zuwa farko, mayar da shi kwalinsa, ka jera su a tsaye kamar littattafai, ba a kwance wani kan wani ba. A sa su a kabad da ke nesa da ƙasa saboda gara da ruwa, nesa da rufin kwano, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta, da lambar kowanne tana kallon waje daidai da yadda take a littafinka.